Wakenmu a Ƙasar Ƙanƙara

(Laccar da aka gabatar a Makarfi ga ɗalibai da manoman Ikara, Makarfi da Kudan)



A can ƙuryar arewacin duniya akwai wasu tsibirai da ake kira Svalbard, ƙarƙashin mulkin Norway. Duk shekara, idan ƙanƙarar teku ta sassauta, jiragen ruwa na kwasar masu hannu da shuni zuwa yawon buɗe ido a can. Daga babban jirgi sai a zuba su a ƙananan kwale-kwalen roba, a ratsa tsakanin curin ƙanƙara, su kalli farin beyar yana farauta, da wata jibgegiyar dabbar ruwa mai haure biyu tana kwance a gaɓa. Beyar ɗin ba abokin wasa ba ne: doka ta hana a fita bayan gari ba tare da abin korar sa ba, shi ya sa ɗan jagora ke rataye da bindiga. A babban garin, Longyearbyen, rana ba ta faɗuwa daga ƙarshen Afrilu zuwa ƙarshen Agusta. Yadda Musulmi zai sha ruwa a can idan azumi ya faɗo a lokacin, wannan na bar wa malamanmu na zaure.

Ba beyar ne ya tara mu ba. A gefen garin akwai wata ƙofar siminti da ta ɓullo daga jikin dutse. Baƙi sukan tsaya su ɗauki hoto su wuce, don ba a barin su shiga. Bayan ƙofar, fiye da mita 100 cikin dutsen, rumbun irin shuka ne na duniya, wanda aka buɗe a 2008, ana riƙe sanyinsa a digiri 18 ƙasa da sifili. Cikin kayan farko da suka isa har da na Najeriya: cibiyar IITA ta Ibadan ta aika da samfuri wajen 7,000 na wake, masara, waken suya da gurjiya, waɗanda aka tattaro daga gonakin Afirka. Kuma ajiyar ta yi rana. Da yaƙi ya raba cibiyar ICARDA da rumbunta na Halab a Siriya, a 2015 ta karɓo irinta daga Svalbard ta sake shukawa a Labanan da Maroko.

Sai dai ko can ɗin bai tsira ba. Yankin na ɗumama fiye da sauran duniya, har ruwan narkewar ƙanƙara ya taɓa malalowa cikin zauren shiga, amma bai kai ga irin ba.

To mu fa? Kwaɗayin sabon iri mai saurin nuna, da kasuwar tumatir da rake, sun sa muna sakin dawa da waken kakanninmu. Ban ga laifin sabon iri ba, yana cika buhu. Amma tsohuwar da ke ɗaure zangarniyar kaura a saman murhu don hayaƙi ya kore ƙwari ta san abin da take yi. Ɗalibai, kafin girbin bana ya wuce, ku zaga ƙauyukanku ku tattara tsofaffin iri, ku rubuta sunan kowanne da garinsa, ku kai wa masanan cibiyar binciken noma ta IAR a Samaru, Zariya. Daga nan zuwa Zariya ba nisa.