Jiragen Yaƙi Uku Masu Suna Nijeriya



Al'adar mayaƙan ruwa ce idan jirgi ya tsufa ko ya nutse a mai da sunansa ga wani sabo, kamar yadda mukan yi wa jariri takwara da kakansa. To, sunan ƙasarmu ma jirage uku ne suka gaje shi, amma ba duka ne namu ba.

Na farkon na Ingila ne. An saka shi a ruwa cikin 1939, yana cikin jerin jiragen da Turawa suka raɗa wa sunayen ƙasashen da suke mulka, irin su Kenya da Gambiya. Wato suna namu, tuta tasu. A watan Agusta na 1942, yana rakiyar ayarin kai agaji tsibirin Malta, sai jirgin ƙarƙashin ruwa na Italiya ya harbe shi, bai dai nutse ba. Daga baya aka sayar wa Indiya, ya koma Mysore a 1957.

Na biyun kwance ne, mai share nakiyoyin teku, wanda Ingila ta ba mu a 1959. Sunansa na da Hare, wato zomo!

Na ukun ne namu na haƙiƙa, sabo fil aka ƙera mana shi a Holan cikin 1965. Abin takaici, yaƙin da ya same shi na gida ne. Shi ya shiga cikin jiragen da suka toshe wa Biyafara hanyar teku, da kuma waɗanda suka kai sojojin tarayya Bonny a watan Yuli na 1967. A farkon shekarun 1980 aka sake masa suna zuwa Obuma.