Kango a Tsakiyar Gari: Haƙƙin Mai Shi da Haƙƙin Jama'a

 

Abin da aka ɗora mini in yi magana a kansa shi ne kango, wato ginin da aka yasar a tsakiyar jama'a, babu mai kwana a ciki, babu mai gyara shi, babu kuma mai rushe shi. Wani zai ce wannan aikin injiniyoyi ne da jami'an tsara gari. To, amma duk wanda ya karanta babin hukunce-hukunce a littattafanmu na fiƙihu ya san malamai sun daɗe da tattauna shi, domin magana ce ta haƙƙin maƙwabci da haƙƙin hanya da dukiyar marayu.

Bari mu fara da abin da idonmu ya gani. A zamanin Gwamna Audu Baƙo, wanda ya mulki Jihar Kano daga 1967 zuwa 1975, an gina madatsar ruwa ta Tiga, aka kammala ta a 1974. A wannan yanki namu aka gina otal ɗin Rock Castle a Tiga da otal ɗin Bagauda, a cikin birni kuma aka gina otal ɗin Daula. Dukkansu da dukiyar jama'a aka yi su, kuma dukkansu sun ɗanɗana sakaci. Na Tiga ya shafe shekaru a yashe. Na Bagauda an ba shi sabon aiki, ya zama reshen Kano na makarantar horar da lauyoyi ta Nijeriya. Na Daula kuwa, bayan ya lalace, wata gwamnati ta ba 'yan kasuwa wurin suka yi sabon gini, gwamnatin da ta biyo bayanta ta rushe shi a watan Yuni na 2023. Ba na tsaya nan don in goyi bayan wani ɓangare ba. Abin da nake so mu lura da shi shi ne, gini uku masu asali ɗaya sun ƙare a hanyoyi uku, kuma wanda ya tsira shi ne wanda aka samar wa amfani tun bai faɗi ba.

Wannan na gwamnati ke nan. Amma mafi yawan kangayen garuruwanmu namu ne. Kashi na farko gidajen gado ne: maigida ya rasu, magada suka ƙi zama a raba, wannan yana Legas, wancan yana fushi, damina biyu ko uku sai azara ta ruɓe, soro ya rufta, katanga ta fara kwanciya. Kashi na biyu ginin da aka fara aka kasa gamawa, ko aka sayi filin aka jera bulo don kawai a jira ya yi tsada. A irin waɗannan wurare ake zubar da shara, ake bahaya, ruwa ya kwanta sauro ya hayayyafa, da dare kuma su zama matattarar masu shaye-shaye. Mai kangon yana barci a wata unguwa, maƙwabci ne yake kwana da wari da fargaba.

To, me malamai suka ce? Ƙa'ida ta farko ita ce mallaka ba ta halatta cutarwa. A mazhabar Malikiyya, idan katangar mutum ta karkata, aka gargaɗe shi, ya kuma sami lokacin da zai gyara ya ƙi, sannan ta faɗa wa wani, to lamunin abin da ta halaka yana wuyansa. Ƙa'ida ta biyu ta shafi abin da aka yi tarayya a kansa wanda ba ya rabuwa: idan ya lalace, wani daga cikin masu shi ya ƙi gyara, alƙali yana tilasta masa ko dai ya gyara ko ya sayar wa mai gyarawa. Ku dubi yadda wannan ya dace da gidajen gadonmu. Ƙa'ida ta uku ta shafi abin da hukuma ta ba mutum don ya raya: Sayyidina Umar, Allah Ya ƙara masa yarda, ya karɓe daga hannun Bilal ɗan Haris abin da ya kasa rayawa na filin da aka ba shi a Aƙiƙ, ya raba wa Musulmi. Kuma wannan ilimi ba baƙo ba ne a gare mu. Wani magini a Tunis a ƙarni na 14, Ibnur Rami, ya rubuta littafi guda a kan hukunce-hukuncen gini, Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo kuma ya yi talifi a kan yadda ake mallakar ƙasar da ba a raya ba.

Sai dai, ya 'yan'uwa, akwai gargaɗi ta ɗaya gefen. Ma'aunin shari'a shi ne cutarwa, ba muni ba. Gidan ƙasa na talaka da yake yi wa yaɓe kowace shekara ba kango ba ne, ko da ya tsone wa mai bene ido. Tsohon gini ma ba kango ba ne don tsufansa kawai, ga Gidan Makama nan a Kano ya zama gidan tarihi. Idan aka bar kalmar ƙawata gari a hannun mai ƙarfi babu ƙa'ida, to da ita za a kori marar ƙarfi daga tsakiyar gari. Rusau ba tare da bin hanya ba yana da tsada: a watan Satumba na 2023 Babbar Kotun Tarayya da ke Kano ta yanke wa gwamnatin jiha diyyar Naira biliyan 30 saboda shagunan da aka rushe a filin Idi. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ita ma, ko da yake ta ba gwamna ikon karɓe fili don maslahar jama'a, ta shar'anta a ba da sanarwa, a kuma biya diyyar abin da aka gina.

Saboda haka hanyar da nake ganin ta dace tana da matakai. Mai unguwa da dagaci su ƙidaya kangayen da ke yankinsu, su gano masu su, domin babu kangon da dattawan unguwa ba su san asalinsa ba. A kira mai shi a gaban shaidu, a nuna masa cutarwar, a yanka masa wa'adi daidai da halinsa. Idan talauci ne ya hana shi, jama'a su yi masa gayya, ko a sami mai gyarawa ya zauna a ciki ya cire kuɗinsa daga haya. Idan gado ne, limami ya tara magada, in sulhu ya gagara a je gaban alƙali. Idan na gwamnati ne, a rubuta wa ƙaramar hukuma a nemi ta mayar da shi aji ko ɗakin shan magani. Rushewa ita ce ta ƙarshe, sai fa katangar da ke shirin danne mutane, ita ba a jira da ita.

Ina roƙon duk wanda yake da kaso a gidan gadon da ba a raba ba, kada daminar bana ta sauka bai nemi 'yan'uwansa ba. A cikin magadan nan akwai gwauruwa da maraya, rabonsu yana narkewa da ruwan sama, kuma za a tambaye mu.

Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa nawa ne, ina neman gafararSa. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.