Hayaƙin Dajin Birnin Gwari da Na'urorin Auna Iska



An ce in yi magana kan jirage marasa matuƙa da na'urorin auna hayaƙin gobarar masana'antu. To, Birnin Gwari ba ta da matatar mai irin ta Kaduna da aka buɗe a 1980, ba ta da masaƙun Kakuri. Masana'antar da ke hayaƙi a nan tana cikin daji, ita ce ƙunar gawayi. A sare itace, a jera, a lulluɓe da ciyawa da ƙasa, a bar 'yan kafofi, wuta ta yi ta ci a hankali kwana da kwanaki. Wutar da aka hana wa iska kuwa ta fi kowace fitar da guba. Ga kuma ƙunar daji da rani, wadda ba ta san iyakar gandun Kamuku ba, duk da an mai da shi gandun ƙasa tun 1999.

Abin tsoro a hayaƙi shi ne ƙwayoyin da ido ba ya gani, waɗanda masana ke kira PM2.5. Sai an jera kusan 30 kafin su kai kaurin silin gashi, shi ya sa suke wuce hanci su shige can cikin huhu. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada matsakaicinsu a yini ya wuce mikrogiram 15 a kowace kubik mita ta iska.

Na'urar auna su ba ta fi tafin hannu ba. 'Yar fanka ce ke zuƙo iska ta ratsa siririn hasken lesa, na'urar ta ƙirga ƙwayoyin daga yadda hasken ya warwatsu. Amma tana da rauni a ƙasarmu: idan hazon hunturu ya taso daga kwarin Bodele na Chadi, ba ta bambance ƙura da hayaƙi. Dole a haɗa ta da mai shinshinar iskar kabon monoksaid, don ƙura ba ta zuwa da ita, wuta ce ke haifar da ita.

Jirgi marar matuƙi yana da nasa amfanin. Yana kutsawa tsakiyar hayaƙi inda mutum ba zai kai ba, ya nuna tsawon da ya tashi da inda ya nufa. Sai dai batirin ƙananansu da ƙyar yake wuce rabin sa'a, farfelarsa tana dama iskar da ake son aunawa, kuma sai da izinin hukumar kula da sufurin jiragen sama ta NCAA da ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro.

Babbar matsalar ma ba ta fasaha ba ce. Ranar 3 ga Disamba, 2023, jirgin soja marar matuƙi ya jefa bam kan masu Mauludi a Tudun Biri, ƙaramar hukumar Igabi, aƙalla mutum 85 suka rasu. Allah Ya jiƙansu. Wa zai tashi jirgi a kan ƙauyen da ya sha fama da 'yan bindiga ya ce wa mutane iska kawai yake aunawa? Na san jiragen kamfanin Zipline suna kai magunguna a jihar Kaduna tun 2022, amma su ana ganin abin da suka sauke. Zaman lafiyar da ya sa aka sake buɗe kasuwar kara ta Birnin Gwari a Nuwambar 2024 bai yi ƙwarin da za a yi wasa da shi ba.

Shawarata ga hukumar kare muhalli ta jiha, KEPA, da jami'o'inmu, a fara daga ƙasa. A kafa na'urori masu sola a rufin asibitocin Kuyello da Randagi da Dogon Dawa, da sanin masarauta, a riƙa karanta sakamakon da Hausa a rediyo. Taurarin ɗan'adam na NASA suna nuna wutar daji kyauta, ko da yake tulin gawayin da ke rufe da ƙasa yakan ɓace musu. Wannan giɓin ne jirgi zai iya cikewa, bayan dagaci ya sanar da ranar tashinsa, kuma ɗan garin ne ke riƙe da linzaminsa.