Raunin Gaba da Ciwon Zuciya: Jawabin da Aka Gabatar a Taron Shekara

  Ina neman afuwar iyayena da ke zaune a nan, domin maganar da aka ɗora mini ba irin wadda ake yi a gaban surukai ba ce. To, amma likita ba shi da suruki a bakin aikinsa.

Idan magidanci ya fara ganin rauni wajen biyan haƙƙin iyalinsa, abin da ake fara cewa shi ne basir ne, ko sanyi, ko zaƙi ya yi masa yawa, wani ma ya ce sammu aka yi masa. Da wuya a tuna da zuciya. Alhali kuwa miƙewar gaba aikin jini ne, kuma jijiyoyin da ke kai jini can 'yan uwan waɗanda ke ciyar da zuciya ne. Hawan jini, da ciwon suga, da shan taba, da taruwar kitse a cikin jini, duk tare suke lalata su. Bambancin yana ga faɗi. Jijiyar gaba ba ta wuce milimita 1 zuwa 2 ba, ta zuciya kuwa ta kai 3 zuwa 4. Duk wanda ya taɓa noman rani a fadamun Danja ko Bakori ya san ƙaramar hanyar ruwa ce laka ke fara toshewa, tun babbar tana gudu. Haka jikin mutum yake. Shi ya sa raunin gaba kan riga ciwon ƙirji bayyana da shekara 2 zuwa 5.

A shekarar 2005 an buga sakamakon wani bincike a Amurka wanda ya bibiyi maza fiye da 9,000 masu shekara 55 zuwa sama. An gano cewa masu wannan rauni sun fi sauran haɗarin ciwon zuciya ko shanyewar ɓarin jiki da kusan kashi 45 cikin 100, wato haɗarin da ya yi kusa da na mai shan taba.

Wannan magana ta fi shafar mu da muke zaune a Kaduna, Kano, Abuja da Legas. Iyayenmu sun yi huɗa da noman masara da auduga da hannunsu, sun taka daga ƙauye zuwa kasuwar Funtua ko Malumfashi da ƙafa. Mu kuwa daga mota sai kujerar ofis, daga nan sai tsire da lemon kwalba. Tumbin da muke komawa gida da shi ranar Sallah, ana ce mana hutu ne, ba duka ne hutu ba.

Ba kowane rauni ne daga jijiya ba. Damuwa, da bashi, da rashin jituwa a gida, har da wasu magungunan hawan jini, suna iya jawo shi. Wanda ya zargi maganinsa kada ya daina sha da kansa, ya koma a canza masa.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne maganin ƙarfin maza na tasha da na masu lasifika, wanda Hukumar NAFDAC ta sha yin gargaɗi a kansa. Ita kanta ƙwayar Viagra, da ta fito a 1998, don ciwon zuciya aka fara gwada ta a Birtaniya. Idan ta haɗu da maganin ciwon ƙirji irin wanda ake sa wa a ƙarƙashin harshe, jini kan faɗi warwas, har a rasa rai. Na taɓa karɓar wani bawan Allah da zuciyarsa ta buga, sai daga baya ya gaya mini ya shekara biyu yana sayen irin waɗannan ƙulle-ƙulle, bai taɓa auna jininsa ba.

Saboda haka wanda ya ga wannan alama, musamman daga shekara 40, ya je a auna masa jini da suga da kitse. Awon da ya tsaya a kan 140/90 ko sama da haka yana buƙatar kulawar likita. Babban Asibitin Funtua da na Malumfashi sun isa a fara, idan abin ya yi nisa ga Asibitin Koyarwa na Shika a Zariya. Ina kuma roƙon shugabannin ƙungiya da su tanadi na'urar awon jini da ta suga a bakin ƙofar wannan zaure a taron baɗi, ni kuma na ɗauki alkawarin zuwa da ma'aikatan jinya biyu.