Allon "Kada A Tofa Yawu" Da Gadon Da Ya Bar Mana

 

A shekarar 1930 layin dogo da ya taso daga Kano ya ratsa ƙasarmu ta Malam Madori da Birniwa, ya tuƙe a Nguru. Ya ɗauki gyaɗarmu, ya kuma cusa jama'a cikin tarago ɗaya, numfashi na gogar numfashi. A duk inda jirgin ƙasa ya tara mutane haka a wancan zamani, daga Ingila har Indiya, akan ga allo a tasha yana hana tofar da yawu. Akan ɗauka fi'ili ne irin na Bature, alhali tsoron mutuwa ne ya kafa shi.

A 1882 wani likitan Jamus, Robert Koch, ya gano ƙwayar da ke haddasa tarin fuka, aka kuma same ta cikin kakin majinyata. Maganin ciwon bai samu ba sai bayan 1940, don haka rigakafi kaɗai ya rage. A 1896 birnin Niyu Yok na Amurka ya haramta tofar da yawu a bainar jama'a, garuruwa da kamfanonin jiragen ƙasa suka bi sahu.

Yau likitoci sun tabbatar cewa ta iska ciwon ya fi yaɗuwa, idan mai shi ya yi tari a wurin cunkoso. Cunkoson kuwa ya koma tashar mota, da kasuwar kifi ta Haɗeja, da ɗakunan hayar da yaranmu ke kwana a Kano da Legas. Nijeriya na cikin ƙasashen da tarin fuka ya fi addaba, ga shi magani kyauta ne a asibitocin gwamnati, wata shida ana sha. Kunya da rashin sani ke kashe mana mutane.

Saboda haka muna roƙon wannan ƙungiya ta kafa allo da Hausa da ajami a tashoshinmu da kasuwanninmu: duk wanda tarinsa ya kai mako biyu, ya je a auna kakinsa. Mu da ke birni, idan muka ji ɗan uwa na tari a gida, kuɗin motar asibiti a wuyanmu yake.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya ɗaukaka ƙasar Haɗeja.