Amsar Wasiƙunku: Shin An Samo Allurar Rigakafin Ƙwaya?

Wasiƙarmu ta yau daga wani manomi ce a ƙasar Funtuwa. Ya ce ya ji labarin wai Turawa sun samo allurar rigakafin ƙwaya, shi kuwa yana da ɗa da ba ya iya riƙe fartanya sai ya haɗiyi tiramol. Ina zai kai shi a yi masa?

To Malam, Allah ya shirya mana zuri'a. Labarin yana da tushe, amma ba kan tiramol ake magana ba. A Amurka akwai wata ƙwaya mai suna fentanil, wadda ta ninka hodar heroin ƙarfi wajen sau 50. Miligiram 2 kacal, abin da bai kai ƙwayar gero ba, yana iya tsayar da numfashin ƙato. A 2022 ita da danginta sun kashe mutum fiye da 70,000 a can.

A shekarar ce masana na Jami'ar Houston suka bayyana gwajin da suka yi wa ɓeraye. Allurar tana sa jiki ya ƙera dakarun da ke cafke fentanil tun tana cikin jini, su hana ta isa ƙwaƙwalwa. Idan ba ta isa can ba, babu maye, numfashi ma ba ya tsayawa. Sai dai dakarun nan fuska ɗaya suka sani. Ko mofin da ake ba majinyata a asibiti ba su tare shi ba, balle tiramol. Kuma allurar ba ta kashe ƙwaɗayin abin a zuci.

Har yanzu babu hukumar lafiya da ta amince a yi wa jama'a ita. Saboda haka duk wanda ya tare ka ran kasuwa da kwalba ya ce ga ta, kuɗin takinka yake so.

Shi yaron, kada a raba shi da ƙwayar dare ɗaya, jiki zai yi masa bore. A lallashe shi zuwa wurin likita. Asibitocin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna, da Dawanau a Kano, da Kware a Sakkwato suna duba irin wannan. In kuwa wata rana kuka tarar ba ya farkawa, numfashi sama-sama, ko yana jijjiga, kada a ɗura masa madara ko manja, zai shaƙe. Ku kwantar da shi ta gefe, ku nemi mota, ku tafi da kwalin abin da ya sha don likita ya gani.