Shimfiɗar Buɗa-baki da Ladubbanta

  

Karatunmu na yau a kan shimfiɗar buɗa-baki ne: tabarmar da ake warewa, da kwanukan da ake jerawa, da mutanen da ake zaunarwa. Kada wani ya ce wannan sha'anin mata ne, bai kai a tsaya kansa ba. Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani ya keɓe wa ci da sha babi guda a cikin Risala, littafin da yaranmu suke karantawa a zaure.

Mu fara da wurin zama. Buhari ya ruwaito daga Anas ɗan Malik, wanda ya yi wa Annabi, sallallahu alaihi wasallam, hidima shekara 10, cewa Manzon Allah bai taɓa cin abinci a kan tebur ba. A kan shimfiɗar fata da ake ajiyewa a ƙasa suke ci. Malamai ba su ce tebur haramun ne ba, wanda yake da shi ya ci a kansa. Amma mai tabarmar kaba ya sani shi ne ya fi kusa da yadda aka ci a gidan Annabi. A share wurin, a yayyafa ruwa ƙura ta kwanta, a ajiye buta, a rufe kowane kwano da faifai saboda ƙuda. Rufe abinci ma umarni ne da ya zo a hadisi.

Abin da za a fara kusantowa da shi ga hannun mai azumi shi ne dabino, in babu sai ruwa. Kunun tsamiya, ƙosai, fura, tuwon shinkafa da miyar kifin da masunta suka kamo a Kwara, duk su biyo baya. Kuma a gama shirin kafin rana ta faɗi, domin gaggauta buɗa-baki sunna ce. A nan nake kira ga magidanta. A gidaje da yawa, ladan yana kiran magariba uwargida tana tsaye gaban murhu tana juya ƙosai, ta wuni da ƙishirwa cikin hayaƙi, ita ce ta ƙarshen kurɓar ruwa. Malam, me ya hana ka ɗauki tabarmar ka shimfiɗa da kanka? Me ya hana samarin gidan su ɗebo ruwa? Nana A'isha ta ba da labarin cewa Annabi yana taya iyalinsa aikin gida.

Sai batun ƙawa. Allah Yana son kyau, kuma tsaftataccen akushi da ƙwarya mai zane ado ne. Abin da shari'a ta hana kai tsaye shi ne ci da sha a cikin kwanon zinariya ko azurfa, ga maza da mata baki ɗaya. Huzaifa ɗan Yamani ya jefar da kofin azurfa da aka kawo masa ruwa a ciki a Mada'in, bayan ya sha hana mai kawowa. Mu dai ba zinariya ce matsalarmu ba. Matsalarmu ita ce gasar kuloli. Azumi na gabatowa, sai a ciwo bashin kuloli da tire-tire a kasuwar Malanbil, don kawai maƙwabciya ta gani in an fita da kwanon kai wa surukai. Wani a sayar masa da buhun geron da zai kai shi damina, a cika tabarma da abinci iri bakwai, gari ya waye a zuba wa awaki rabi. Suratul A'arafi, aya ta 31, ta halatta ci da sha, kuma a wuri guda ta hana almubazzaranci.

Manyanmu suna tune da azumin 2005, wanda ya faɗo cikin Oktoba, daidai kaka, bayan shekarar da fari da fara suka bar ƙasar Nijar cikin yunwa. Wanda ya sha kunun sabon gero a wancan azumi bai tambayi launin ƙwaryar ba.

Wa za a zaunar? Wannan ya fi duk abin da na ambata nauyi. Wasu sahabbai sun kai kuka cewa suna ci ba sa ƙoshi, Annabi ya gano cewa a rarrabe suke ci, ya umarce su da haɗuwa da ambaton sunan Allah. Abu Dawuda ne ya kawo shi. Umaru ɗan Abu Salama kuwa yaro ne, agola a gidan Annabi, hannunsa yana yawo cikin akushi, aka koya masa ya yi bisimilla, ya ci da dama, ya ci abin da ke gabansa. Ku lura, a kwano ɗaya suke ci, shi ya sa aka ga hannun yaron har aka gyara masa. Uban da yake rufe ƙofa ya cinye tsokar kifi shi kaɗai, ya miƙo wa yara ƙaya, ina zai ga hannun ɗansa? Kuma a bar gurbi a gefen tabarma domin almajiri, da direban da dare ya riska a bakin iyaka yana jiran takardun kaya, da tsohuwar da ƴaƴanta suka tafi ci-rani. Abu Huraira ya siffanta walimar da ake gayyatar mawadata a bar matalauta da cewa ita ce mafi sharrin abinci.

Lokaci ya cim mana. Gobe in Allah Ya kai mu za mu shiga zakkar fidda-kai: mudu nawa, daga wane hatsi, kuma wa ake ba. Allah Ya karɓi ibadunmu, Ya sa mu cikin ƴantattun bayinsa. A sha ruwa lafiya.